Ma'aurata a kan keke a tsaunukan Pamir: wa zai ce a tsaya?

1/ Hotunan mata da miji da ke tafiyar dogon zango a kan keke suna yawo, kowa na ta "wayyo soyayya". Ni ma suna burge ni. Amma ra'ayina shi ne, tafiyar nan tana da sharaɗi ɗaya: wanda ya fi jigata a ranar shi ke da ikon cewa a tsaya, ko a koma. Ku biyo ni.

2/ Mu ɗauki hanyar Pamir, wadda ake kira M41. Masu keke kan taso daga Dushanbe, babban birnin Tajikistan, su bi ta Korog da Murgab, su sauka a Osh ta ƙasar Kirgistan. Sama da kilomita 1,200 ne, makonni ake yi a hanya.

3/ Kafin a isa Korog hanyar tana bin gefen kogin Panj, kana hango ƙauyukan Afganistan a ɗaya tsallaken. Daga Korog sai hawa. Murgab tana kan tsayin mita 3,600 da wani abu, mashigin Ak-Baital kuma mita 4,655. Nan ne ƙololuwar hanyar.

4/ A can sama, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda yake samu a bakin teku ba. Ga tanti, risho, abinci da ruwa ɗaure a keke. Ga iska na turo ka baya. Dare kuwa ko a watan Yuli ruwa na iya daskarewa.

5/ To a nan ake samun matsala. Mutum biyu ba sa taɓa zama da ƙarfi ɗaya. Ɗaya ya yi gaba, ya kai saman tudu, ya huta, ya ci dabino. Ɗayan na isowa da ƙyar, sai na farko ya ce "mu je". Wanda ya fi buƙatar hutu shi ne bai huta ba. Wallahi wannan zalunci ne, ko da ba da gangan ba.

6/ Wani zai ce ai kowa ya yi gudunsa, a haɗu a sama. A ƙaramin tudu kusa da gari, na yarda. A Pamir fa? Za ka yi tafiyar kilomita masu yawa ba gida, ba shago, ba sabis a waya. Taya ta yi faci a baya, famfo yana jakar wanda ya yi gaba. Sai yaya?

7/ Abin da ya fi faci tsanani shi ne ciwon tsauni. Yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, kasa barci. In aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Duka biyun suna kisa. Babban maganinsu a sauka ƙasa, nan take.

8/ Ku lura da wannan: wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura yana tangaɗi, yana rikicewa, yana kuma iya rantse maka lafiyarsa lau. Wanda ke kusa da shi ne zai gane. In kana kilomita biyar a gaba kana ɗaukar hoto, wa zai gane?

9/ Maza kuma ku saurara. Ciwon tsauni ba ruwansa da ƙwanji. Ɗan motsa jiki na iya kwanciya, matarsa na tsaye garau. Don haka "mai rauni" ba lallai ita ba ce. Yau ita, gobe kai. Ranar da ta ce "Maigida, idonka bai yi min ba, mu sauka", girman kai ba naka ba ne.

10/ Shawarar likitocin tsauni a fili take: in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500, a riƙa kuma ware ranar hutu. Wannan zai ƙara muku kwanaki, zai ci kuɗi. Sannu dai ba ta hana zuwa.

11/ Yadda nake ganin adalci: mai ƙarfi ya ɗauki kaya masu nauyi, ya bi baya a hawa, ya shiga gaba in iska ta taso don ya kare ɗan uwansa. Hutu ana ƙirga shi ne daga isowar na ƙarshe.

12/ Kuma a yi wannan magana tun a gida, kafin a sayi tikitin jirgi. A tsauni, da yunwa da sanyi da haki, ba a yin shawara mai kyau, gardama kawai ake yi.

13/ Na san akwai zafi. Kun tara kuɗi shekara biyu, Ak-Baital saura kwana ɗaya, sai ɗayanku ya ce ba zai iya ba. A tare mota, a ɗora kekuna, a sauka. Tsaunin yana nan baɗi.

14/ Tambaya gare ku: in abokin rayuwarku ya ce a koma ana dab da kaiwa, za ku juya ba tare da gori daga baya ba? Ku faɗi gaskiya fa.