A Nuna Wa Yaro Hanya Tun Da Wuri

Jama'ar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ga abin da ke damunmu. Ƙasarmu ta rake ce da tumatir, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, wadda aka buɗe cikin 1962, tana koyar da ilmin aikin gona a Samaru, nan kusa. Amma yaron da ya bar kimiyya tun shigarsa babbar sakandare ya rufe wa kansa wannan ƙofa, gama jarrabawar JAMB Turanci ce da darussa uku masu dacewa da fannin da ya nema. Saboda haka wajibi ne iyaye da malamai su zauna da yaro tun yana aji uku, su gwada masa inda kowane darasi ya nufa. Icce tun yana ɗanye akan tanƙwara shi.