Zuwa Ƙetare Nazarin Waƙar Hausa: Riba Ce ko Ɓata Lokaci?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu ɗalibai, wadda kan taso duk lokacin da aka ji wani ya sami gurbin ƙaro ilimi a Ingila ko Amurka. Sai ka ji ana cewa, "Yanzu don Allah me Bahaushe zai je nema a Landan game da waƙar Shata? Ai wannan ɗaukar gishiri ne a kai wa mutanen Bilma." Maganar tana da daɗin ji, amma ni ban yarda da ita ba. A ganina tafiyar tana da riba, muddin an cika wani sharaɗi da zan ambata a gaba.

Da farko mu dubi magabatanmu. Farfesa M. K. M. Galadanci a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan ya yi digirinsa na uku kan nahawun Hausa a 1969. Farfesa Ɗalhatu Muhammad a can ya yi nazarin waƙoƙin Aƙilu Aliyu a 1977. Shi kuwa Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir Jami'ar Indiyana ta Amurka ya je, inda ya kammala kundinsa kan Mamman Shata a 1975. Wa zai ce waɗannan bayin Allah sun ɓata lokacinsu? Da abin da suka dawo da shi aka ƙarfafa sassan da muke zaune a cikinsu yau.

To, mene ne ake samowa a can wanda babu a gida? Wasu za su ce ɗakunan karatu, kuma gaskiya ne. Amma ni ina ganin babbar ribar tana cikin zaman yau da kullum ne, watau cikin kewa da kaɗaici.

Malaman da suka yi zaman can sukan ba da labarin yadda rayuwar take. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi mai ratsa ƙashi. In azumi ya faɗo a watan Yuni, sai mutum ya yi sa'a 18 bai sha ruwa ba. Wanda bai taɓa hura wuta a gida ba, dole ya koyi tuƙa tuwo da kansa, yana tattalin 'yar kuka da daddawar da ya ƙullo kamar zinariya. Maƙwabci ba ya sallama, balle a zauna hira a ƙofar gida bayan lisha. A irin wannan hali waƙa ce abokiyar hira. Jiya faifai ne da kaset, yau waya ce, amma buƙatar ɗaya ce.

A nan ne kunne kan buɗe. A gida waƙa tana ko'ina, a tasha da kasuwa da gidan biki, har ta zama kamar iska, ana shaƙa ba a lura da ita. Amma wanda ya saurari waƙa guda sau hamsin a ɗaki shi kaɗai, zai fara jin abin da bai taɓa ji ba. Zai lura da inda jagora ke sakin magana 'yan amshi su cafe. Zai ji yadda kalangu ke bin hawa da saukar murya har ya faɗi magana sarai. Zai gane cewa kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo na fada ne, kuntigin Ɗanmaraya Jos na mutum guda ne mai wa'azi ga talakawa, ƙwaryar Barmani Coge kuwa ta taron mata ce. Sanin kurum daban, lura daban.

Daɗin daɗawa, akwai tambayar baƙo. Idan abokin karatu ɗan Japan ko Jamus ya ce ka bambanta masa zambo da habaici, ko ka gaya masa dalilin da ya sa sarki ke ba da doki saboda baiti guda, ba za ka tsira da cewa "ai haka al'adarmu take" ba. Dole ka nemi hujja, ka tsara ta. Wannan tilas ɗin shi ne mafarin bincike.

Sai dai masu suka suna da tasu gaskiyar, kuma a nan sharaɗin yake. Waƙar baka ba a ɗakin karatu take zaune ba. David Ames da Anthony King, waɗanda suka wallafa ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, ba daga kan kujera suka tara shi ba. Sai da suka zo ƙasar Hausa suka zauna da makaɗa. In baƙo ya yi haka, ina ga ɗan gida? Ɗalibin da ya rubuta kundi kan makaɗi daga abin da ya saurara a intanet kawai, bai ga yadda ake liƙi ba, bai tambayi 'yan amshi ba, bai san wanda aka yi wa habaicin ba, to ya ɗebo ruwa ne da kwando. Nisa tana wasa kunne, amma fage shi ke ba da sheda.

Rabin sharaɗin na biyu shi ne dawowa da guzuri. Akwai muryoyin makaɗan Afirka da aka ɗauka tun da daɗewa, suna ajiye a taskoki irin na Ɗakin Karatun Birtaniya da na Jami'ar Indiyana. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Ba za su sake rera mana ko baiti ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya je, wajibi ne ya binciko abin da ya shafe mu, ya nemi izinin kwafa, ya kawo wa sashensa. Kuma ya mayar da sakamakon bincikensa cikin Hausa, don iyalan makaɗan da ya ci albarkacinsu su san abin da aka faɗa a kan iyayensu.

Ina roƙon malamanmu da su sa wannan cikin wasiyyar da suke yi wa duk mai haramar tafiya. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu daina yi wa mai tafiya dariya. In ya dawo, kada mu tsaya ga tambayar takardar shaida. Mu tambaye shi abin da kunnensa ya jiyo, da abin da ya kawo wa sashe a jakarsa. Allah ya sa mu dace, amin.