WAI DON GUDUN ASARA

Ranar da na zubar da tiya biyu ta wake a bola ban yi barcin kirki ba. A wata kasuwa ta ƙasar Gwaram na auno shi, fari tas, ko huji ɗaya babu, har ina murna na yi dace. Ina kwance bakin leda a gida sai warin fiya-fiya ya daki hancina. Na wanke sau uku, na shanya, warin yana nan daram. Ga yara sun sa rai da alale. Da kasuwa ta zagayo na koma wa mutumin, sai ya ce da ni, ko kunya babu, "Hajiya, in ban zuba ba ƙwari su cinye mini jari. Asara nake gudu."

To wannan kalma ta "asara" ce ta sa na ɗauki biro.

Haba 'yan kasuwarmu! Wa ya gaya muku dole sai an zaɓi ɗaya, ko dai a tsira da jari ko a sayar da abu mai kyau? Ni ban musa ba, ƙwaron wake mugu ne, buhu guda kan zama gari cikin 'yan watanni. Amma wanda ya tare asarar rumbunsa da guba, ai tura ta ya yi cikin tukunyar wani, daga can kuma ta zarce gadon asibiti. Kuma takan juyo kan mai ita. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa, a 2016 aka ƙara wa'adin hanin. Manomin Birnin Kudu da bai taɓa ganin jirgin ruwa ba, sunan wakensa ya ɓaci tare da na masu laifi.

Abin haushin, maganin matsalar yana nan. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe ƙarau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Za ka ce buhun da tsada. Na ji. Lissafa mini kuɗin kwalaben da kake saye duk shekara, ka haɗa da mai sayen da ba za ta sake tsayawa a rumfarka ba, irina.

Masu masana'antu ma sun daɗe da gane cewa abubuwan nan biyu tare suke tafiya. A kamfanin Toyota na Japan an bai wa ƙaramin ma'aikaci ikon tsayar da aiki in ya ga aibi, don gyara a wurin ya fi arha a kan a gama mota a dawo da ita. Wallahi da na karanta haka dariya na yi, domin kakata a Birnin Kudu ba ta taɓa jiƙa waken ƙosai ba sai ta tsince shi a faifai. Tsakuwa ɗaya in ta shiga niƙa, ƙullun duka ya tashi aiki, ga asarar mai, ga ta itace, ga sunanki ya zube a unguwa. Ƙowar ma ba ta zubarwa, ta awaki ce.

Mu mata ma da namu laifin, kada mu yi ta nuna yatsa. Mu ne muke ture wake mai huji biyu-uku mu ɗauki mai sheƙi, mu ne muke taya kaya kamar na sata. Dillali ya san abin da idonmu yake so, shi yake kawo mana.

Ina kira ga sarakunan kasuwa, daga Sara har Birnin Kudu, da masu saro kaya su kai Dawanau: a riƙa kwance buhu ana shinshinawa tun a bakin kasuwa, kafin a sauke shi daga mota. Wanda aka samu da wari a mayar wa mai shi a gaban jama'a. Ni dai yanzu duk mai awon da ya hana ni damƙar wake in kai hanci, jakata nake ɗauka in yi gaba, ko da kuwa ɗan unguwarmu ne.