Nutso a Tabkin Titikaka: Wauta ce ko Aiki?

Tabkin Titikaka yana cikin Amurka ta Kudu, tsakanin ƙasar Peru da ƙasar Bolibiya. Ba a kwari yake ba kamar tabkin Cadi ko na Madarumfa. A bisa duwatsun Andes yake, metir 3812 sama da bakin teku. Dutsen Bagazam, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, bai wuce metir 2022 ba. Ke nan mai kamun kifi a Titikaka yana zaune cikin jirginsa, amma ya kusa ninka tsawon Bagazam sau biyu. Zurfin tabkin ya kai metir 280 a wani wuri. Ruwansa kuwa sanyi ƙarara, digiri 10 zuwa 14, rani da damina.

Duk da haka, akwai mutanen da ke goya tulun ƙarfe cike da iska, su sa gilashi a fuska, su nutsa cikinsa. Waɗansu na cewa wannan wauta ce, ko kuma kwaɗayin zinariya. Masu faɗin haka suna da hujja, ya kamata a saurare su tukuna.

Hatsarin farko tun kafin a taɓa ruwa yake. A can bisa, iska ba ta da kauri. Baƙo yana jan numfashi amma bai ƙoshi ba. Kansa ya yi ciwo, zuciyarsa ta riƙa bugawa, tafiya kaɗan sai haki. Dole ya yi kwanaki yana hutawa kafin jikinsa ya saba. Sai kuma sanyi. Ruwa ya fi iska saurin janye ɗumin jiki wajen sau 25. Wanda ya taɓa wanka da ruwan randa da asubahin hunturu ya san kaɗan daga ciki. Bayan ɗan lokaci yatsu su sandare, mutum ya kasa riƙe igiya, tunaninsa ma ya yi nauyi.

Amma babban hatsarin ba a ganinsa da ido. Iska tana da nauyi, tana danne jikin kowa, ruwa kuma ya fi ta dannewa. A teku, wanda ya nutsa metir 10, nauyin da ke kansa ya ninka na waje sau biyu. Wannan nauyi yana tura wata iska mai suna azot cikin jininsa, ta narke kamar sukari a shayi. In ya taso a hankali, azot ta fita ta numfashi. In ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa cikin jini, kamar lemun kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar nan tana sa ciwon gaɓoɓi, tana shanye ƙafafu, tana kisa. A Titikaka nauyin iskar waje bai cika kashi biyu cikin uku na bakin teku ba. Saboda haka wanda ya nutsa metir 10 a can, nauyin da ke kansa ya ninka na waje sau biyu da rabi. Zurfi ɗaya, hatsari ya ƙaru. Shi ya sa wani likitan ƙasar Suwis, Albert Bulman, ya tsara lissafi na musamman domin tabkunan duwatsu: minti nawa za a yi a ƙasa, ina za a tsaya a huta lokacin tasowa. Mai nutso da bai iya lissafi ba, gara ya zauna a gaɓa.

To, mene ne a ƙarƙashin ruwan da ya isa a sha wannan wahala?

A shekarar 1968 wani Bafaranshe mai suna Jak Kusto ya tafi ya gani. Shi ne, tare da injiniya Emil Ganyan, suka ƙera na'urar numfashi cikin ruwa a 1943. Ya bar jirginsa a bakin teku, aka ɗora ƙananan jiragen nutso guda biyu a jirgin ƙasa, aka hau da su duwatsu. Mutanen wurin suna da wani tsohon labari. Sun ce lokacin da Sipaniyawa suka ci daular Inka, an zuba zinariya cikin tabkin don kada baƙi su samu. Kusto da mutanensa suka yi makonni suna bincike. Ba su ga taskar zinariya ba. Kwaɗi suka gani, dubbai, kwance a kan laka.

Wani zai yi dariya, ya ce an yi asarar kuɗi. Ba a yi ba. Kwaɗon Titikaka ba irin na tabkunan damina ba ne. Kusto ya ce ya ga waɗanda suka kai rabin metir in an miƙe ƙafafunsu. Fatarsa ta yi masa yawa, ta yi ninki-ninki kamar yaro ya sa rigar babansa. Da wannan fata yake numfashi, shi ya sa ba ya bukatar fitowa shan iska sai nadiri. Babu irinsa ko'ina a duniya sai a wannan tabki da ruwayen da ke kewaye da shi. Masana sun san sunansa tun da daɗewa, amma yadda yake zaune a gidansa, sai da aka nutsa aka ɗauko hotonsa duniya ta gani. Da zinariya aka samu, da mutum kaɗan sun raba ta, an manta.

Zinariyar ma akwai ta, ba dai tuli ba. A 2013 masu binciken kayan tarihi daga Beljiyam, da izinin gwamnatin Bolibiya, sun nutsa kusa da Tsibirin Rana. Sun samu ƙananan kayan ado na zinariya, da kaskon turare mai siffar wani naman daji da ake kira puma, da ƙasusuwan ƴaƴan lama, wata dabba mai kama da raƙumi amma ba tozo. Mutanen Tiwanaku ne suka ajiye su wajen ibadarsu, fiye da shekara 1000 da suka wuce, tun kafin Inka. Nan ne ake bambanta mai nutso da ɓarawo. Mai bincike yana auna wurin da kowane abu yake, ya rubuta, ya miƙa wa masu ƙasa. Wanda ya cusa a jaka ya kai kasuwa, ya yaga shafi ne daga littafin tarihin mutane. Irin wannan ya kamata a hana shi shiga ruwan.

Kwaɗon kuwa yana cikin wahala. Ana kama shi a niƙa, a sayar a kasuwa da sunan magani. Ƙazantar manyan garuruwa kamar Puno da Huliyaka da El Alto tana gangarowa cikin tabkin. A 2016 an tarar da kwaɗi wajen 10000 matattu a kogin Kowata, wanda ke zuba cikin Titikaka ta gefen Peru. Mutanen yankin suka kwashi waɗansu suka kai tsakiyar garin Puno don hukuma ta gani. Matattu kowa na ganinsu daga gaɓa. Masu rai suna can ƙasa cikin ciyawar ruwa. Nawa suka rage, ina suke ƙwai, wane lungu ne lakarsa ta lalace? Kafin hukuma ta san wurin da za ta hana kamu, ko garin da za ta fara tace masa ruwan kwata, sai wani ya goyi tulun iska, ya jure sanyin digiri 10, ya sauka ya ƙirga.