Zaman Makoki A Lokacin Annoba: Abin Da Kano Ta Koya Mana

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar korona ta fita daga matsayin babban haɗari na gaggawa. To, tun da ƙura ta lafa, ya kamata mu koma mu duba wani al'amari wanda likitoci ba su cika magana a kansa ba, watau halin da masu rashi suka shiga sa'ad da aka hana jama'a taruwa.

A Kano aka fi ganin wannan. An sami mutum na farko mai cutar ran 11 ga Afrilu 2020, ba a cika mako ba aka hana fita. Cikin makonnin da suka biyo baya, ga azumi ya kama, sai mutuwa ta yi yawa a birni, galibi dattawa, har da manyan malamai da masu sarauta. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa ne cutar ce sanadinsu. Gwamnatin Jihar ba ta yarda da wannan lissafi ba. Dalilin gardamar kuwa a fili yake: ba mu da al'adar rubuta mutuwa, sai da aka bi maƙabartu da gidaje ana tambaya.

Wanda bai duba da kyau ba sai ya zaci zaman makoki gaisuwa ce kawai. A'a, aiki uku yake yi. Na farko, yana kwantar da zuciya, gama wanda ya ga tabarmi cike a ƙofar gidansa kwana uku ya san ba shi kaɗai ya yi rashi ba. Na biyu, yana ciyarwa, domin sunna ce maƙwabta su dafa su kai gidan mamaci, kuma 'yan kuɗin da masu ta'aziyya kan ajiye su ke riƙe gida kafin a farfaɗo. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, a kan tabarmar nan ce dattawan dangi kan tambayi bashin mamaci, su sa ranar rabon gado, su faɗi wanda zai riƙi marayu, da wanda zai ciyar da matar da za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma.

Dokar hana fita ta yanke waɗannan ukun a lokaci guda. Ba mu ce dokar kuskure ce ba. Taron makoki, inda tsofaffi ke zama kafaɗa da kafaɗa ana musafaha, lalle hanya ce ta yaɗa cutar numfashi, kuma malamai sun bayyana cewa sallar jana'iza farilla ce wadda in kaɗan suka yi ta sauka daga kan sauran. Amma an rufe ƙofa ba a buɗe taga ba. Wayar hannu ta isar da gaisuwa, sai dai waya ba ta kai ƙwaryar tuwo, ba ta kuma raba gado. Makarantu kuwa suna rufe tun daga Maris, saboda haka yaron da ya rasa uba bai sami ko malamin da zai dafa kansa ba.

Ƙasashen Gini da Saliyo da Laberiya sun riga mu koyon wannan darasi a lokacin cutar Ebola ta 2014. Da aka riƙa ɗauke gawa ba da shawarar dangi ba, sai mutane suka shiga ɓoye majinyata. Sai da aka shigo da limamai da shugabannin coci cikin shirin binnewa sa'an nan jama'a suka ba da haɗin kai.

Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Sanƙarau na 1996 kaɗai ya kashe mutum fiye da dubu goma. Don haka shiri tun yanzu ya wajaba. Kowane mai unguwa ya ajiye littafin haihuwa da mutuwa, ya miƙa wa dagaci, dagaci ga hakimi, akawun ƙaramar hukuma ya tattara. Kowane masallaci ya ware mutum uku ko huɗu, da mata biyu masu hankali, waɗanda za a ba izinin fita su kai abinci da gaisuwa a madadin unguwa in an sake hana taro. Kowane shugaban makaranta kuma ya san marayun da ke cikin rajistarsa, in ɗayansu ya yi fashin mako guda a bi sawunsa har gida.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa, sai dai kula da riƙon amana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, amin.