Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Wane Irin Matambayi?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, sai dai ba duk wanda ya buɗe baki ne ya cancanci sunan ba. Akwai wani irin ɗalibin ilimin kwamfuta da malami zai ba shi jinga, ya ce ya rubuta manhajar da za ta jera sunayen ɗalibai bisa makinsu. Maimakon ya zauna ya gwada, sai ya kwafi tambayar ɗungurungum, ya aika wa gwanayen sana'ar ta intanet, ya ƙara da cewa gobe da safe za a karɓa, a taimaka don Allah. Wannan ɗan dako yake nema, kuma na kyauta.

Waɗanda yake wa aiken mutane ne masu aikin yi da iyali. Tun da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa Stack Overflow a 2008, masu amsa tambayoyi a can sa kai suke yi, ba a biyan su ko kwabo. Kafin nan, a 2001, Eric Raymond ya rubuta doguwar maƙala a kan yadda ake tambaya cikin basira, inda ya nuna cewa gwanaye na gane aikin makaranta da kallo ɗaya, domin su ma an taɓa ba su irinsa. Wanda ya ɓoye cewa jinga ce, ya raina hankalin mai taimakonsa tun kafin a fara.

Wasu na zaton ladabi shi ne doguwar gaisuwa da "ranka ya daɗe". Gaisuwa tarbiyya ce, ba mai musu, amma ladabin wannan sana'a shi ne kiyaye lokacin wanda aka tambaya. Ɗalibi ya faɗi harshen da yake rubutu da shi da kuma zubinsa, domin abin da ya yi aiki a Python 2 yana iya ƙin yi a Python 3. Ya kwafo saƙon kuskuren yadda ya fito, harafi da harafi, ya bar turo hoton allon kwamfuta mai dishi-dishi. Ya rage rubutunsa zuwa 'yan layukan da matsalar take ciki, ya bayyana abin da ya sa ran gani da abin da ya gani, da hanyoyin da ya gwada suka ƙi. Sannan ya ce aikin makaranta ne, hanya yake so a nuna masa. Idan ta warware, ya dawo ya yi godiya, ya faɗi inda gizo ke saƙar, domin na baya ya amfana.

Mai bin wannan tsari sau da yawa kan gano kuskurensa kafin ya gama rubuta tambayar. Masu sana'ar sun san haka, har wasunsu kan ajiye 'yar agwagwar roba a kan tebur su riƙa yi mata bayani layi-layi. Mai kwafe kuwa ya rasa wannan darasi, kuma asirinsa a tafin hannu yake. Tun 1994 Alex Aiken ya ƙirƙiro Moss, manhajar da ke gano kamanni tsakanin ayyukan ɗalibai ko da an sauya sunaye a ciki. In ma ya tsallake malami, ranar da aka zaunar da shi gaban masu ɗaukar aiki, ko aka damƙa masa lissafin albashin ma'aikata, wa zai aika wa?

Za a ce gwanayen nan suna da girman kai da kaushin harshe. Akwai gaskiya a ciki. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fito a 2018 ya nemi afuwa a kan yadda yake gasa wa abokan aikinsa magana. Wulaƙanta mai koyo laifi ne, kuma gwani ya tuna cewa shi ma da rarrafe ya fara. Za a kuma ce ɗalibinmu na fama da ɗaukewar wuta da tsadar data da cunkoson aji. Wannan uzuri ne na jinkiri da neman ƙarin bayani, bai kai ya halatta miƙa gumin wani da sunanka ba.

Mu ba baƙi ba ne a wannan tarbiyya. A makarantun zaure, ɗalibi kan yi bitar karatunsa kafin ya durƙusa gaban malam, shi zai ja baƙi, malam ya fassara ya gyara. Ba a taɓa jin wanda ya ce malam ya haddace masa ba. Duk mai son gwanaye su karɓe shi hannu bibbiyu, to ya je musu da allonsa a rubuce, ko da kuskure ya cika shi.