A Ware wa Ruwan Taki Famfonsa

Tun da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a 2022, aka kuma cire tallafin man fetur a 2023, manoma da yawa a ikilisiyoyinmu sun koma ga takin gargajiya. Waɗansu sun ƙara da ruwan taki, wanda Turawa ke ce wa shayin taki saboda launinsa: a ɗaure ruɓaɓɓen taki a buhu, a tsoma cikin duro, a yi ta motsa ruwan kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a fesa a gona. Mun yi murna da wannan. Amma muna da magana a kan feshin, gama a nan ne wahalar mutane take tashi a banza.

Ruwan nan mai rai ne. Abincin shuka da ke cikinsa kaɗan ne. Abin da ake nema su ne ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke ruɓar da ganye da kara, su mai da su abin da saiwa za ta iya sha. Suna bukatar iska, suna kuma mutuwa kamar kowane mai rai.

To, ina muke zuba su? A famfon goyo ɗaya tilo da ke yawo gida gida. Jiya an fesa maganin ciyawa da shi, shekaranjiya maganin cutar dankalin Turawa, irin wanda manoman Bokkos da Mangu ba su rabuwa da shi da damina. Maganin nan an yi shi ne musamman domin ya kashe funfuna, bai kuwa san mai amfani da mai cuta ba. Ragowar maganin ciyawa kuma, wanda ke maƙalewa a tiyo da bakin famfo, yana iya ƙone tumatirin da ake so a taimaka. Ɗauraya sau ɗaya ba ta fitar da shi. Idan ganye ya yi yaushi, sai a ce ruwan taki ƙarya ce. Ruwan bai yi laifi ba.

Ba mu hana aro ba, ai zumunci ne. Amma mai ba da aro ya faɗi gaskiyar abin da ya fesa a baya.

Sauran sharuɗɗan ba su cin ko kwabo. Ruwan famfo na birni yana da sinadarin kulorin, wanda aikinsa ke nan kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan sama ko na rijiya ya fi. A tace da tsumma mai tsabta don kada bakin famfo ya toshe, a sa baki mai faɗi, kada a yi ta bugun hannun famfon kamar ana faɗa da shi. A fesa da asuba ko da yamma, domin rana tsaka tana busar da halittun nan kafin su kai ƙasa. Da an daina motsawa, a fesa cikin 'yan awoyi. Wanda ya bar duro ranar Asabar ya ce sai Litinin bayan sujada ta wuce, zai tarar da ruwa mai ɗoyi. Mai kyau ƙanshin ƙasar farkon damina yake yi.

Akwai abin da ya fi amfanin gona nauyi, wato lafiyar mai ci. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa, suna kuwa ƙaruwa a duro, balle in an zuba sukari. Kada a yi ruwan taki sai da takin da ya ruɓe sarai. Latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye, a zuba musu a gindi, ba a kan ganye ba. Yaranmu ne da maƙwabtanmu za su ci. Kada kuma wani ya yaudare mu cewa ruwan nan magani ne na kowace cutar shuka, ko ya maye gurbin taki kansa.

Roƙonmu ga dattawa da Zumuntar Mata shi ne wannan: kafin noman rani ya kama, kowace ikilisiya ta sayi famfo ɗaya mai lita 16, a shafa masa koren fenti, a ajiye shi a hannun mutum ɗaya da littafin masu aro. Guba kada ta taɓa shiga cikinsa, ko da fasto ne ya roƙa.